Awon da na'urorin gonarmu suke turowa ya cakuɗe: in goge marasa kyau ko in bar su?

Sani_Kadawa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Tun farkon Disamba na dasa na'urori shida a gonar kawuna, can gefen Kadawa inda ruwan kanal na Tiga bai kai ba. Rijiyar burtsatse muke da ita da famfon sola, tumatir ne da ɗan albasa. Kowace na'ura ESP32 ce, wato 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allo, na haɗa mata sensar danshin ƙasa da DS18B20 mai auna zafi. Ta shidan tana kan tanki, tana auna ruwa da sensar nan mai aiki da amsa-kuwwa. Duk minti goma suke turo awo ta SIM800L, wato allon da ake saka wa layin waya, zuwa saba, kwamfutar da ke tara awon. Kowace da batirinta da ƙaramin faifan sola.

Jiya na zauna in fitar wa kawu lissafin kwana 110, mu ga ko muna ɓarnar ruwa. A lissafina ya kamata in samu layi 95,040. Abin da ya iso bai kai 75,000 ba, kuma shi ɗin ma ya rikita ni. Zafin ƙasa wani lokaci 85, wani lokaci -127. Tanki yana rabi sai ya nuna ya cika maƙil, bayan minti goma ya koma rabi. Akwai layuka masu kwanan wata 1 ga Janairu 1970. Wasu sun zo sau biyu. Da daddare kuma giɓi ne ko'ina. Na'ura ta huɗu, wadda ba ta taɓa ba ni matsala ba, ta yi shiru gaba ɗaya wajen ƙarshen Janairu, sai da na je na kashe na kunna.

Abin da nake shirin yi: in goge duk zafin da ya haura 45 ko ya gaza 12, in goge duk awon da ya yi tsalle, in cike giɓin da matsakaicin awon ranar. Akwai illa a haka?

abbakar99
Wa alaikumus salam. Ni dai haka nake yi a nawa, kuma zanen yana fitowa tsaf.

Injiniya_Bala
Wa alaikumus salam Sani. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi fayil ɗin kamar yadda ya zo, ka ajiye shi wuri biyu, kada ka sake buɗe shi don gyara. Duk wankin da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi. Wannan shi ne na farko.

Na biyu, ruwa ba ya tsami banza. Lambobin nan biyu da ka gani ba zafin ƙasa ba ne, na'urar ce take faɗa maka ciwonta. DS18B20 idan ta samu wuta sabo, abin da ke cikin ma'ajiyarta tun daga masana'anta 85 ne. Tana buƙatar kusan milisakan 750 kafin ta gama awo cikakke. In ka karanta kafin ta gama, ko wuta ta ɗan yanke mata a tsakiyar aiki, 85 ɗin za ta miƙo maka. Ita kuwa -127 manhajar da yawancinmu muke amfani da ita ce take rubuta ta idan ta kira sensa ba ta amsa ba. Wato waya ta kwance, ko tsatsa ta ci mahaɗa, ko resistan nan mai 4.7k da ake sawa tsakanin wayar bayani da wayar wuta ba ya nan ko bai zauna ba.

To ka ga in ka goge su ka wuce, ka goge takardar asibitin na'urarka. Ka ƙara shafi ɗaya a gefen kowane awo, ka riƙa sa alama: 0 lafiya, 1 wuta ta yanke, 2 sensa ba ta amsa ba, da sauransu. Lokacin lissafi ka ce a ɗauki masu 0 kaɗai. Sannan ka ƙirga min: 85 nawa a kowace na'ura, kuma da wane lokaci suka fi zuwa?

Mansur_lantarki
Injiniya ya gama magana a kan 85. Ni zan iya rantsuwa SIM800L ce take jawo ta. Wannan 'yar abar ƙarama ce a ido amma lokacin da take neman sabis tana iya fizgar wuta har amfiya 2 a ɗan ƙiftawa, kuma tana son wuta tsakanin volt 3.4 da 4.4. In batiri ɗaya suke sha da ESP32 ta siririyar waya, duk sanda ta fizga sai wutar kowa ta faɗi. Ka sa mata kafasita babba, wato ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, maikrofarad 1000 ko sama, dab da ƙafarta, ka yi amfani da waya mai kauri gajeriya. Kuma ka ɗauki awo tukuna, ka ajiye, sannan ka tashi SIM ɗin. Kar ka haɗa su lokaci ɗaya. A ƙauye inda sabis ke da rauni abin ya fi tsanani, don tana ƙara ƙarfi ne ta kai ga turken sadarwa.

Malam_Idi_malamin_gona
Sani ɗana, zurfin nawa ka binne mai auna zafin? Don dokar nan taka ta 45 ba ta kwanta min ba. Na yi shekaru ina yawon gonaki. Ƙasar jigawa da ba ta da inuwa, ƙarshen Maris zuwa Afrilu da azahar, samanta yana wuce 50 ba tare da wata gardama ba. Wanda ya taɓa taka ta ba takalmi ya sani. In sensar tana kusa da sama, ko iska da ban-ruwa sun tone ta, 48 gaskiya ce. Kuma ita ce gaskiyar da kawunka ya fi buƙata, don a irin wannan zafin furen tumatir yake zubewa.

Sani_Kadawa
Na gode ƙwarai. Baba Malam Idi, kamar santimita goma na binne su, amma gaskiya ban koma na duba ba tun Janairu. Injiniya, zan ƙirga in dawo.

ummu_khadija
Ni ba injiniya ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce, amma maganar goge abin da ya fita daga layi ta taɓa ni, shi ya sa na ce sai na yi magana.

A wata ƙaramar cibiya da na yi aiki, muna da firij na allurar rigakafi. Ƙa'ida shi ne ya zauna tsakanin 2 da 8. Akwai ɗan abin awo da yake zama a ciki yana riƙe tarihin kwana 30. Wani lokacin sanyi, na ga ya nuna firij ɗin yana sauka ƙasa da sifili da asuba, kwana uku a jere. Da safe kuwa in muka duba ma'aunin ƙofa 4 ne ko 5, lafiya lau. Abokin aikina ya ce abin awon ne ya lalace, mu rubuta na safe kawai a takarda. Zuciyata ba ta ba ni ba. Na ɗauko kwalbar penta, allurar rigakafin cututtuka biyar ta yara, guda ɗaya daga bangon ciki, muka yi gwajin girgizawa da ake koya mana, muka jera ta da wadda muka daskarar da gangan. Garin cikinta ya kwanta da sauri kamar na waccan. Ta daskare. Penta da ta ciwon hanta in suka daskare sun tashi aiki, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya faru. Da mun bi ta tasa, da yaran unguwa guda mun yi musu allurar da ba ta da amfani, iyayensu suna murna.

Abin da na koya daga wannan abin awon: ba ya ƙara don lamba ɗaya ta fita. Yana jira ne sanyi ya kai -0.5 ya zauna minti 60, ko zafi ya haura 8 ya zauna awa 10. Wato yana duba lamba, yana kuma duba tsawon zamanta. Malam Sani, ko za ka yi haka a naka? Tsalle ɗaya ya dawo daban, wanda ya hau ya zauna daban.

Injiniya_Bala
Allah Ya saka da alheri Malama. Wannan misalin ya fi duk bayanin da na yi.

Hafsat_lissafi
Bari in ɗauki maganar giɓi, don ita ce ta fi damuna a shirin naka.

Ka ce da daddare ne awo ya fi ɓata. To ka lura. In dare ne ya ɓata, abin da ya rage a hannunka yawancinsa na rana ne. Matsakaicin da za ka fitar na zafin rana ne. In ka ɗauke shi ka cike dare da shi, ka mayar da ƙarfe uku na dare tamkar hantsi. Zafin ranar gaba ɗaya zai haura, ka je ka ce wa kawu gonarsa ta fi zafi fiye da yadda take, ya ƙara ruwa. Da giɓin warwatse yake ba tsari, da da sauƙi. Naka yana da tsari, kuma tsarin ne yake karkatar da lissafi.

Yadda nake yi: danshin ƙasa da zafinta a hankali suke sauyawa. In awo biyu ko uku ne suka ɓata, wato bai wuce rabin awa ba, ina jan layi daga na baya zuwa na gaba in cike, in sa masa alamar cewa cikewa ce. In ya wuce haka, ina barinsa fayau. Ranar da abin da ya iso bai kai kashi uku cikin huɗu ba, ba na fitar mata da matsakaici sam.

Kuma don Allah kada ka rubuta 0 a inda babu awo. Sifili awo ne. Excel yana tsallake gurbin da ba komai idan yana fitar da matsakaici, amma in ya ga 0 sai ya lissafa da shi.

Na tanki kuma, ka bar matsakaici, ka ɗauki na tsakiya. A ce sensa ta karanta 112, 113, 0, 112, 114. Matsakaici 90.2 ne, lambar da ba ta taɓa faruwa ba. In ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 112 ne.

Mansur_lantarki
Sifilin nan da Malama Hafsat ta kawo shi ne ainihin abin da ke cika maka tanki. Sensar tana aika ƙara ta jira ta dawo. In ba ta ji dawowar ba har lokaci ya ƙare, manhaja takan ba da 0. Kai kuma ka rubuta ruwa shi ne tsawon tanki a cire nisa. An cire 0, sai tanki ya cika. In HC-SR04 ce ka sa, ba a yi ta don laima ba, gumin cikin tanki yana taruwa a bakinta. Nemi JSN-SR04T mai jure ruwa, sai dai ita ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da santimita 20 zuwa 25, don haka ka ɗaga ta.

Wani abu kuma da mutane ba sa lura da shi: saurin ƙara a iska yana bin zafi. A 20 kusan mita 343 ne a sakan, a 40 kusan 355. Yawancin manhajar da ake kwafa 340 aka rubuta a ciki. A cikin baƙin tankin roba da rana tsaka, in nisan ruwa mita ɗaya da rabi ne, kuskuren ya kai santimita biyar ko fiye. Za ka ga ruwa yana hawa da rana yana sauka da dare ba wanda ya taɓa famfo. Sa DS18B20 ɗaya a cikin murfin ka gyara lissafin da ita.

Amma ni fa ina da ja a kan maganar Injiniya ta a ajiye komai. Me ya sa zan biya kuɗin data in turo -127? Na'urar ta tace da kanta, in awo bai yi ba ta sake ɗauka, ta turo mai kyau kaɗai.

Injiniya_Bala
Mansur, sake ɗauka na yarda da shi. Ta gwada sau uku, babu laifi. Amma ta turo min cewa sau uku ta gwada. Da na'urorin Sani suna haɗiye 85 su yi shiru, da yau ba mu san wutarsu tana faɗuwa ba, sai ranar da suka mutu. Batun kuɗi kuwa, mu lissafa. Saƙo ɗaya a ce bayit 100 ne. Sau 144 a rana, kusan kilobayit 14 ke nan. A wata bai kai rabin megabayit ba kafin a ƙara na buɗe layi da rufewa. Lamba ɗaya ta alama ba ita za ta cinye maka kuɗi ba.

Mansur_lantarki
A na'ura shida haka ne. Ranar da suka zama ɗari uku, kuma kowane layi sai ka saya masa data kada a rufe shi, za mu sake zama.

Zongo_Kumasi
Salam 'yan'uwa, daga Kumasi nake bibiya. Ba wanda ya taɓa 1970 tukuna. Kwamfuta tana ƙirga lokaci ne da sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon duniya. ESP32 ba ta da agogo mai batirin kansa. In ta mutu ta tashi, daga sifili take farawa har sai ta samu wanda zai faɗa mata lokaci. Malam Sani, duba da kyau, ina tsammanin za ka ga layukan suna farawa daga ƙarfe 1:00 na dare, don Najeriya tana gaban agogon duniya da awa ɗaya. Kowane gungun 1970 shaida ce cewa na'urar ta mutu ta tashi a nan.

Kada ka zubar da su. In saba tana rubuta lokacin isowar saƙo, da shi za ka mayar da su mazauninsu. Nan gaba ka riƙa ajiye lokaci biyu, na ɗauka da na isowa, kuma duka a agogon duniya, sai wajen nunawa ka mayar na gida. Mu a Gana agogonmu daidai yake da na duniya, ku da Nijar da Chadi da Kamaru kuna gaba da awa ɗaya, Sudan awa biyu. Na taɓa haɗa awon wani aiki daga wurare biyu, na kwana biyu ina mamakin yadda rana take fitowa a makare a ɗayan, ashe awa ɗayan nan ce. Sayi DS3231, ɗan agogo mai batirin kansa, ka huta. Ita ma SIM800L tana iya karɓo lokaci daga turken sadarwa in ka kunna mata, sai dai ba ko'ina ake samu ba.

abbakar99
To masu zuwa sau biyu fa? Nawa ma suna yi.

Zongo_Kumasi
In MQTT, tsarin aika saƙo daga na'ura zuwa saba, kuke amfani da shi, ba lalacewa ba ce. Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙiro shi a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda layi ke da tsada kuma yake yankewa. Yana da mataki uku. Na 0 ya aika ya manta, saƙo yana iya ɓata. Na 1 yana ta aikawa har sai an ce masa an karɓa, to in amsar ce ta ɓata a hanya sai ya sake, saƙo ya zo biyu. Na 2 sau ɗaya tak, amma kai-kawonsa ya fi yawa. Ku zauna a na 1, ku ba kowane awo lamba mai hawa, 1, 2, 3. Lambar da ta zo biyu a ɗauki ɗaya. Lambar da aka tsallake kun san ta ɓata a hanya. In kuwa lambobi suna jere amma akwai giɓin lokaci, to na'urar ce ta kwanta, ba sabis ba.

Dan_Damagaram
Gaisuwa daga Damagaram. Ni nawa aikin na ƙura ne, ina da masu auna iska guda biyu a kan soro. Ina so in tambayi Malam Sani: giɓin daren nan, ya fi yawa a Janairu da Fabrairu? Don mu nan in ƙurar Bodele ta taso daga arewacin Chadi, tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, rana takan zama kamar farin faranti, kana kallonta ido ba ya zafi. Faifan sola ba ya samun abin kirki, ga ƙurar da ta kwanta a kansa. Batiri bai cika ba, ƙarfe biyu na dare ya ƙare. Ba rezo ba ne, wato sabis, kuran ne, wato wuta. Ka sa na'urar ta riƙa turo ƙarfin batirinta tare da kowane awo, kuma a samu yaro ya riƙa goge faifan da tsumma duk kwana biyu.

Wani darasi daga wajenmu. Ƙananan sensar ƙura masu hasken leza irin PMS5003 sun fi iya ganin hayaƙi da ƙananan ƙwayoyi. Ƙurar hunturu mai kauri ba sa kama ta yadda ya kamata, sai su nuna ƙasa da abin da ke akwai. Lambar tana fitowa sumul, ba tsalle, ba -127, amma ba daidai ba ce. Irin wannan ta fi ban tsoro, don ba dokar gogewa da za ta kama ta. Shi ya sa PurpleAir, masu ƙera na'urorin auna iska, suke sa sensa biyu a akwati ɗaya, in suka saɓa ka san ɗaya ta fara gajiya.

Malam_Idi_malamin_gona
Madalla da Ɗan Damagaram, ya kawo ni inda nake so. Kowa yana maganar lambar da ta yi tsalle. Ni tambayata, wadda ba ta yi tsallen ba, wa ya ce gaskiya ce?

Sensar danshin nan ta kasuwa lamba kawai take ba ka, a ESP32 daga 0 zuwa 4095. Ba ta san jigawa ba, ba ta san laka ba. Lamba ɗaya a ƙasa mai yashi tana nufin a ƙoshe take, a ƙasar fadama tana nufin shuka ta fara jin ƙishi. In ka zuba taki, gishirinsa yana motsa awon. In ƙasa ta bushe ta ja baya ta bar iska a jikin sensar, sai ta ce bushewar ta fi haka. Gefen allon kuma ba a rufe yake ba, ruwa yana shiga a hankali, wata biyu awon ya zame. A shafe gefen da abin da zai hana ruwa shiga kafin a binne.

Yadda muke yi tun kafin waɗannan na'urori: ka ɗebi ƙasa a gefen sensar, daidai zurfinta, ka auna nauyinta nan take. Ka busar da ita a murhun gwaji a zafi 105 na awa 24, ka sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan. Ka yi haka bayan ban-ruwa, da bayan kwana ɗaya, da ranar da ganye ya fara laushi da rana, kana rubuta lambar sensa kowane karo. In ka samu wani a sashen nazarin ƙasa na jami'a ko kwalejin noma zai taimaka maka da murhun. In ba hali, ko dunƙulawa da hannu ka rubuta: ta dunƙulu, ta wargaje, ta bar laima a tafi.

Sannan ka ajiye littafi a bukkar gona. Yau an ba ruwa ƙarfe kaza. Yau an sa taki. Yau masu cire ciyawa sun shiga. Rabin tsallen da kake gani, wani ne ya zare sensar da fartanya ya mayar ba daidai ba.

Sani_Kadawa
Wallahi Baba littafin nan ban taɓa tunaninsa ba.

Nura_Gusau
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Duk wannan awo da ake tarawa, na wa ne? Wasu masu wani shiri sun zo ƙauyenmu sun dasa irin waɗannan a gonakin mutane, suka ɗauki suna da lambar waya da taswirar kowace gona. Shekara ta zagayo, ba manomi ɗaya da aka nuna wa abin da aka gani a gonarsa.

Hafsat_lissafi
Tambaya ce mai nauyi. Danshin ƙasa shi kaɗai ba sirrin mutum ba ne, amma da zarar an haɗa shi da suna da waya da wurin gona, ya zama bayanin mutum, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Kuna da haƙƙin tambaya. Ko a wajen wanki ma, abu na farko da nake yi kafin in miƙa wa wani fayil shi ne in raba sunaye da awo.

Shugaban_zaure
Malam Nura, ka buɗe mata zare nata, ta cancanta. Nan mu ƙarasa wa Sani. Har yanzu ba wanda ya ce komai a kan na'ura ta huɗu.

Injiniya_Bala
Na huɗun nake ta juyawa a raina. Sani, ka ce farkon Disamba ka kunna, ta tsaya ƙarshen Janairu, kuma ita ce ba ta taɓa mutuwa ba. Ƙirga kwanakin. In sun kusa 50, to millis ce, wato ƙirgar lokaci da na'urar take yi tun daga kunnawa. Ma'ajiyar da take ƙirga milisakan tana cika bayan kwana 49.7 ta koma sifili. In ka rubuta a jira har lokacin yanzu ya wuce na baya da aka ƙara wa minti goma, to bayan komawa sifili za ta yi ta jira. Daidai shi ne ka cire na baya daga na yanzu ka gwada da tazarar. Sauran biyar ba su kai kwana 49 a tsaye ba, faɗuwar wuta tana sake musu ƙirga. Kuma wannan ya nuna min ba ka sa su barci tsakanin awo. Sa su barci mai nauyi su farka duk minti goma, batirin zai kai asuba.

Sani_Kadawa
Na dawo jama'a, kwana biyu ina kan abin.

Injiniya, kwana 50 ne cif tsakanin kunnawa da shirun ta huɗu, kuma yadda ka faɗa haka na rubuta. Na ƙirga 85: kusan duka a na'ura ta ɗaya da ta biyar suke, su ne mafi nisa daga titi inda sabis ya fi rauni. -127 kuwa ta uku ce kaɗai, na je na tarar ɓera ya ɗan ci wayar. Giɓin dare ya fi yawa tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu kamar yadda Ɗan Damagaram ya ce. Na shafa faifan ta biyu da yatsa, sai da layi ya fito.

Amma ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. A ta biyu akwai dare goma sha ɗaya da danshi ya hau wajen ƙarfe uku, ba lokacin ban-ruwa ba. Suna cikin waɗanda na yi niyyar gogewa. Da na bi shawarar Malama ummu_khadija na duba tsawon zamansu, sai na ga ba tsalle ɗaya ba ne, hawa yake ya zauna har safe. Na jera shi da awon tanki, ashe a daidai waɗannan darare ruwan tanki yana sauka. Na je na tona gefen kunyar. Mahaɗar bututu ce ta tsage, duk daren da aka manta ba a rufe babban bawul ba sai ruwa ya yi ta tsiyaya. Tumatirin wannan layin ne ganyensa ya yi ɗorawa, muna ta cewa taki ne bai isa ba.

Yanzu saura abin da zan kai wa kawu. Shi lamba ɗaya yake so: ruwa nawa muka sha, nawa ya kamata mu sha.

Mansur_lantarki
To ka ba shi lamba ɗaya. Dattijo ba zai zauna kallon zane mai ramuka ba. Ka cike, ka ce masa kusan kaza ne.

Hafsat_lissafi
Ban yarda a cike Janairu ba. Ka ba shi lissafin makonnin da awonsu ya cika, ka ce masa na tsakiyar sanyi bai samu ba saboda batiri. Manomi ya san bambancin buhun da aka auna da wanda aka kimanta da ido.

Mansur_lantarki
Tanki ai ba danshi ba ne Malama. In ka san inda ruwa yake da magariba da inda yake da safe, kuma famfon sola ba ya aiki da dare, abin da ya fita ka san shi ko ba awon tsakiya.

Hafsat_lissafi
Wannan na karɓa, a tanki kaɗai. A zafi da danshi ina nan a kan bakana.

Malam_Idi_malamin_gona
Sani, kafin takarda, ka kama hannun kawunka ka kai shi wajen mahaɗar nan ya gani da idonsa. Ka gaishe min da shi.

abbakar99
Ni fa na riga na goge nawa tun bara, a kan fayil ɗin asali. Akwai yadda zan yi?

Zongo_Kumasi
Duba saba, wataƙila rumbun yana riƙe da su in daga fayil ɗin da ka sauke ka goge. In kana da katin ajiya a jikin na'urar, duba shi ma.

Sani_Kadawa
Zai ji Baba, in sha Allah. Ranar Asabar zan shiga Kano in sayo kafasita da DS3231 guda shida. Injiniya, akwai abin da zan kula da shi wajen saye?

Injiniya_Bala
Duba batirin da ke bayansa. Allon da ya fi yawa a kasuwa yana da 'yar hanyar caji da aka yi don LIR2032. In CR2032 aka sa maka, wadda ba a cajinta, kuma za ka ba allon wuta volt 5, to ka cire resistan da ke kan hanyar cajin, in ba haka ba batirin yana iya kumbura. In ka sayo ka ɗauki hoton gaba da baya ka turo nan, zan zagaye maka wanda za ka cire.